Tattaki a kan tsaunin bakin teku: Santo Antão, Likiya ko Sliabh Liag, ina ya fi wa mutumin Kano?

Gaɓar tekun Najeriya ba ta da tsauni. Daga Badagiri har Kalaba rairayi ne da fadama da bakin koguna, ƙasa a kwance take shiga ruwa. Saboda haka duk mutumin Kano da ya ga hoton wani yana tafe a kan siririyar hanya, dutse a damansa, a hagunsa rami mai zurfi teku na dukan gindinsa, ya ji shi ma ransa ya biya, to sai dai ya ɗauko fasfo. Da zarar fasfo ya shigo maganar kuwa, tambayar ta tashi daga ina ya fi kyau, ta koma ina za a bar ni in shiga, nawa zan kashe, me zan ci, kuma gwiwata za ta ɗauka?

Wurin da kowa ya fi gani a waya shi ne Moher, a yammacin ƙasar Ayalan. Katangar dutse ce a miƙe, inda ta fi tsayi mita 214, kuma babu mai musun kyanta. Amma fiye da mutum miliyan ɗaya ke zuwa can kowace shekara, motocin 'yan yawon buɗe ido a jere, kowa na neman inda zai tsaya ya ɗauki hoto. Wanda ya baro cunkoson Ƙofar Wambai don ya ji iska da shiru ba abin da zai kai shi can. Wurare uku nake ganin sun cancanci a auna su: tsibirin Santo Antão a ƙasar Kabo Berde, hanyar Likiya a kudu maso yammacin Turkiyya, da tsaunin Sliabh Liag a arewa maso yammacin Ayalan. Ba su yi kama da juna ba ko kaɗan, kuma ba mutum iri ɗaya kowannensu ya dace da shi ba.

Mu fara da takarda, don ita ce ke yanke hukunci tun kafin a sayi takalmi. Kabo Berde tana cikin ECOWAS, mai fasfon Najeriya ba ya buƙatar biza. Wannan ba ya nufin a je hannu na dukan cinya. Jami'an shige da fice suna iya tambayar tikitin dawowa, da shaidar masauki, da kuɗin da za ka ci, sannan akwai katin rigakafin shawara. Turkiyya sai da biza, amma hanya ce da 'yan kasuwarmu suka daɗe suna bi, kusan kowane layi a Kantin Kwari akwai wanda ya san yadda ake haɗa takardun. Ayalan ce mai wuya. Ba ta cikin tsarin Shengen, bizar Faransa ko Jamus ba ta shigar da kai, kuma ga ɗan Najeriya bizar Birtaniya ma ba ta shigar da shi. Wata ɗiyar yayata da ke karatu a Ingila ta taɓa kirana tana murna: "Kawu, hutun nan Donegal za mu, ai mota ce kawai daga Belfast." Na ce mata, "'Yata, Belfast ƙasar Birtaniya ce, Donegal kuwa a Ayalan take, wata ƙasa ce daban, ko da ba ki ga shinge a hanya ba. Ki nemi bizarsu tukuna, ko ki haƙura ki tafi Wales." A Wales ɗin akwai hanyar gaɓar Pembrokeshire mai tsawon kilomita kusan 300, duk a bakin teku, kuma takardar da ke hannunta ta isa.

Santo Antão ita ce zan fi daɗewa a kanta, domin ita ce mutanenmu suka fi rashin sani, ita ce kuma na fi so ga wanda zai tashi daga Kano.

Kabo Berde tarin tsibirai ne a tekun Atlantika, kimanin kilomita 570 yamma da gaɓar Senegal. Turawa masu neman kwanciya a rairayi Sal da Boa Vista suke nufa, can ne manyan otal-otal suke. Santo Antão tana can ƙuryar arewa maso yamma, kuma jirgin sama ba ya sauka a cikinta. Sai ka sauka a tsibirin São Vicente, ka shiga garin Mindelo, ka hau jirgin ruwa na kimanin awa ɗaya zuwa Porto Novo. Wannan wahalar ita ce ta tsare ta daga cunkoso. Gefen da jirgin ke tsayawa busasshe ne ƙayau, ja da toka-toka, har mutum ya fara tunanin ko ya yi asarar kuɗinsa. Sai mota ta bi tsohuwar hanyar da aka shimfiɗa da duwatsu ta tsallaka ƙoƙon tsibirin, nan take kore ya bayyana: rake, ayaba, gwanda, a kan gonakin da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin dutse.

Tattakin da ake zuwa dominsa yana tsakanin garin Ponta do Sol da ƙauyen masunta na Cruzinha, kilomita goma sha huɗu zuwa sha biyar, awa biyar ko shida ga mai matsakaicin ƙarfi. Fitowa daga Ponta do Sol ba ta da daɗi, gara in faɗa tun yanzu: hanya ta bi ta gefen maƙabarta da jerin garken aladu, warin kuma ba ya ɓuya. Ka toshe hanci ka wuce. Bayan kamar awa ɗaya na hawa sai ka sha wata kwana, ƙauyen Fontainhas ya fito a gabanka, gidaje masu fenti shuɗi da rawaya da ja a manne a kan wani siririn doron dutse, kwari a kowane gefe. Daga nan mota ba ta ƙara wucewa. Hanyar ƙafa ce da aka jera da duwatsu ɗaya bayan ɗaya da hannu, a wurare da yawa da 'yar gajeriyar katanga a gefen teku, tana nannaɗewa ta gangara zuwa Corvo, ta sake hawa, ta sauka Formiguinhas. Ba don baƙi aka yi ta ba. Mutanen waɗannan ƙauyuka ita ce hanyarsu ta kasuwa da makaranta da asibiti, za ka haɗu da mace da kaya a ka ko jaki da buhu, su wuce ka kana haki.

Abin da ke yaudarar baƙo a wannan hanya shi ne ido. Za ka hango ƙauye na gaba kamar ka jefa dutse ya faɗa ciki, ashe tsakaninku akwai kwari da sai ka sauka har kusa da ruwa ka sake hawowa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Saukar ta fi hawan cin mutum, domin duwatsun sun sha tafin ƙafa sun yi santsi, gwiwa ce ke biyan kuɗin. Bayan Formiguinhas akwai kangon wani ƙauye da mutanensa suka tashi, bangon dutse babu rufi, daga nan ƙasa ta fara buɗewa har rairayin da ke kusa da Cruzinha. Inuwa kaɗan ce a duk tsawon hanyar. Tekun kuma na kallo ne, ba na wanka ba, igiyarsa tana da ƙarfi ƙwarai.

Shin babu kowa? Akwai. Ita ce hanyar da ta fi suna a tsibirin, za ka gamu da Turawa, musamman Faransawa, bibbiyu ko 'yar ƙungiya da ɗan jagora. Amma tsakanin haɗuwa da haɗuwa kana iya yin doguwar tafiya ba ka ji komai ba sai teku da kukan akuya. Abin da ya kamata a shirya tun da safe shi ne motar dawowa, domin motocin haya da suke kira aluguer ba sa yawan zuwa Cruzinha, musamman da yamma. Ka sa mai masaukinka ya yi magana da direba ya jira ka, ko kuma ka juya tafiyar: mota ta kai ka Cruzinha da sassafe, ka tako zuwa Ponta do Sol inda gadonka yake. Ni wannan na biyun na fi so, mutum ba ya tafiya da fargabar agogo.

Wani abu da zai ba mutumin Kano dariya: hazon hunturunmu yana bin mutum har can. Ƙurar Sahara tana tsallaka teku ta rufe tsibiran, galibi tsakanin Disamba da Fabrairu, har takan hana jiragen sama tashi. Wanda ya biya kuɗi mai yawa don ya ga shuɗin teku ya tarar da farin hazon da ya baro a Gwammaja, ba zai ji daɗi ba. Damina gajeriya ce, daga Agusta zuwa Oktoba, kuma ruwa na iya zubo da duwatsu kan hanya. Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke kore bai bushe ba, ko Maris zuwa Mayu, su ne lokutan da zan zaɓa. Zafi ba ya tsananta, sanyi ma haka.

Raunin Santo Antão guda biyu ne, kuma ba ƙanana ba. Na farko hanya. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano sai ka je Legas ko Abuja, daga nan Dakar, daga Dakar Praia babban birninsu, daga Praia São Vicente, sannan jirgin ruwa. Kowane mataki tikiti ne, kuma jiragen da ke tsakanin tsibiran ba a rantsuwa da lokacinsu, dole a bar kwana ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana. Kada wani ya sayar maka da tikiti mai arha ta Lizbon ba tare da ka duba ba: ɗan Najeriya yana buƙatar bizar ratse ko da ba zai fita daga filin jirgin ƙasashen Shengen ba. Na biyu abinci. Ƙasar Kiristoci ce, Musulmi kaɗan ne, yawancinsu baƙi daga Senegal da Gini, kuma a manyan garuruwa suke. Abincinsu na gado, cachupa, masara ce da wake, amma sau da yawa da naman alade a ciki. Ka koyi cewa "sem porco", wato ban da alade, ka nemi ta kifi, ko ka tsaya kan gasasshen kifi da shinkafa da cukwin akuya. Kifi dai sabo ne, daga kwale-kwale zuwa wuta. Za a yi ta miƙo maka grogue, giyar rake da suke alfahari da ita, ka yi murmushi ka ce na gode, ba wanda zai matsa. Fotugis da Kiriyol ake ji, Faransanci yana ɗan taimakawa fiye da Turanci. Kuɗinsu, eskudo, a ɗaure yake da yuro, kimanin 110 a yuro ɗaya, don haka yuro za ka nema a Wapa, ba dala ba.

Tunda hanyar ta Dakar take bi, ga wata dabara. Wanda bai tabbatar da cewa yana son irin wannan tafiya ba, ya gwada ta a Senegal tukuna. Popenguine ba ta da nisa da filin jirgin Blaise Diagne, tana da 'yan tsaunuka a bakin teku da ake hawa cikin safiya ɗaya. A Dakar kuma akwai tudun Mamelles mai hasumiyar fitilar jiragen ruwa tun 1864, da masallacin nan na Ouakam da ke ƙasa a bakin ruwa. Tsayinsu bai taka kara ya karya ba, amma ga masu zuwa Maulidin Kaulaha ƙarin kwana biyu ne kawai, ba biza, ba damuwar nama.

Hanyar Likiya wani abu ne daban. Ba tattakin yini ɗaya ba ce, doguwar hanya ce ta fiye da kilomita 500 tsakanin yankin Fethiye da yankin Antalya, a gaɓar Bahar Rum. Wata Baturiyar Ingila mai suna Kate Clow ce ta haɗa tsofaffin hanyoyin makiyaya da na jakuna ta fitar da ita, aka buɗe a 1999. Alamarta fenti ne ja da fari a jikin duwatsu. Ba wanda ya ce sai ka gama ta, yawancin mutane kwana uku zuwa mako suke yanka. Yankin da ya fi tsaunin bakin teku shi ne na farko: daga Ovacık, a saman garin shaƙatawa na Ölüdeniz, zuwa ƙauyen Faralya, zuwa Kabak, zuwa Alınca. A Faralya kana tsaye a leɓen wani kwari da ake kira Kwarin Malam Buɗe Littafi, bangonsa ya haura mita 300, can ƙasa ɗan rairayi da jiragen ruwa ƙanana. Akwai wata hanya da ke sauka cikinsa da igiyoyi, mutane sun mutu a kanta. Ka kalla daga sama, in kana son ƙasan ka shiga jirgin ruwa.

A nan maganar gudun jama'a tana buƙatar gaskiya. Ölüdeniz cike take da baƙi, da masu lilo a sama da lema daga tsaunin Babadağ, da kiɗa, da shigar bakin ruwa irin wadda dattijonmu zai yi ta istigfari. Amma awa biyu na hawa sun isa su raba ka da wannan duniyar. Sama akwai itatuwan fir, da akwatunan zuma a jere, da tsofaffin mata masu ɗankwali suna murza gözleme, wata siririyar waina mai cukwi ko alayyafo a ciki, a kan faffaɗan kasko. Ka zauna a tabarma a kawo maka shayi a ƙaramin kofin gilas da ayran, wato nonon da aka dama da ruwa, mai sanyi. Daga Kabak zuwa Alınca hawa ne mai tsanani, wanda ya kai sama kuwa zai ga jerin kawunan dutse bakwai suna shiga teku ɗaya bayan ɗaya. Can gabas kuma akwai yankin hasumiyar Gelidonya, tsakanin Karaöz da Adrasan, wanda ya fi wannan kaɗaici, sai dai ruwan sha ya fi wuya.

Abin da Likiya ta fi sauran biyun da shi a bayyane yake. Kiran sallah yana iso ka a kan dutse. Kusan kowane ƙauye da masallacinsa da famfon alwala, nan ma ake cika gora. Ba ka tambayar wane nama ne. Mace mai hijabi ba baƙuwa ba ce a idon kowa. Ga tarihi a zube a hanya: kaburburan da aka sassaƙa a jikin dutse tun kafin zuwan Rumawa, kangon birnin Xanthos da UNESCO ta sa a jerinta a 1988, rairayin Patara mai tsawon kusan kilomita 18, da wutar Yanartaş kusa da Çıralı da ke ci daga cikin dutse saboda iskar gas da ke fitowa ta tsaguwa. Ƙananan motocin haya da suke kira dolmuş suna haɗa ƙauyuka da dama, in ƙafa ta gaza akwai mafita. Zuwa ma ya fi sauƙi: Abuja zuwa Istanbul, sannan ɗan gajeren jirgi zuwa Dalaman.

Wani Alhaji mai sayar da yadi, da ya saba zuwa Istanbul saro kaya, ya ce mini, "Malam, ni fa a watan Yuli nake samun sarari, kuma zafi ai ba ya ba ɗan Kano tsoro." Na ce, "Ranka ya daɗe, zafin Kano a inuwar shago kake shansa, fanka na kaɗawa. Wannan kuwa da jaka a baya ne, a kan farin dutse mai mayar da rana fuska, ga gumin teku, rijiyoyin hanya sun ƙafe." Yuli da Agusta ba lokacin Likiya ba ne. Maris zuwa Mayu, ko ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. Sauran aibunta: duwatsun farar ƙasa ne masu kaifi da ke mirginawa a ƙarƙashin ƙafa, sun fi na Santo Antão cin takalmi, alamar fentin takan ɓace inda aka yi sabon gini ko sabon titi, don haka a sauke taswira a waya tun akwai intanet, karnukan makiyaya kuma manya ne, ba a gudu, a tsaya a kira mai garken. Sannan ba kullum kake kan leɓen tsauni ba, hanyar takan shige daji ko gona na tsawon sa'o'i teku ya ɓace.

Sliabh Liag ita ce mafi girma, ita ce kuma mafi gajarta. Tana gundumar Donegal, kimanin awa huɗu ko fiye a mota daga Dublin, bayan garin masunta na Killybegs, kusa da ƙauyen Teelin. Tsayinta daga ruwa kimanin mita 600, kusan ninki uku na Moher. Birnin Kano yana kimanin mita 480 ne sama da teku, wato duk hawan da ƙasa ta yi daga Legas har Ƙofar Nasarawa bai kai abin da ke tsakanin ƙafarka da ruwa a can ba. Sai dai ba a miƙe take sak kamar bango ba, gangare ne mai tsananin tsaye, jikinsa ja da rawaya da kore. Daga wurin kallo na Bunglass ana ganinta gaba ɗaya, kuma yawancin baƙi nan suke tsayawa su juya. Mai son shiru ya ci gaba da hawa ta matakalar duwatsu. Can sama akwai wani siririn doro da ake kira One Man's Pass, rami hagu da dama. Akwai kuma wata hanya ta bayan tsaunin, ta masu ziyarar ibada ta dā, wadda ba ta bin leɓe, ta fi kwanciyar hankali. A kusa akwai tsohuwar hasumiyar tsaro ta zamanin yaƙin Napoleon, da sunan ƙasar da aka rubuta da fararen duwatsu a ƙasa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don matuƙan jirgin sama su san inda suke.

Matsalarta sama ce. Kana iya shan wahalar biza, ka biya otal da yuro, ka isa Bunglass ka tarar gajimare ya sauko ya rufe komai, ba ka ganin abin da ya wuce tsawon hannunka. Yana iya washewa bayan rabin awa, yana iya kwana uku. Iskar Atlantika a can tana ture babban mutum, kuma ƙasar taɓo ce baƙa mai riƙe ruwa, ƙafa na nutsewa. Ko a tsakiyar bazararsu da wuya ma'aunin zafi ya wuce 20, in an haɗa da iska da yayyafi jikin da ya saba da Kano zai ji kamar tsakiyar Janairu da asuba, a jiƙe. Ranar da ake iska ko hazo, One Man's Pass haramiyarka ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Lokutan sallah ma sai an yi shiri: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, lisha ta yi nisa, asuba ta biyo ta ba da jimawa ba, a Disamba kuwa kafin biyar na yamma duhu ya yi. Masallaci da naman halal sai manyan garuruwa, a ƙauye kifi da dankali ne abincinka. Turanci dai ana ji ko'ina, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ranar da mutum ya ɓata hanya. Tattakin kansa rabin yini ne zuwa yini. Ban ga hikimar tasowa daga Kano takanas saboda rabin yinin da gajimare ke iya cinyewa ba. Ga likita ko ɗalibin da ke zaune a Dublin ko Galway kuwa, ya duba hasashen yanayi ranar Alhamis, in ya yi kyau ya kama hanya Asabar, babu abin da ya kai ta.

To wa zai je ina? Wanda zai tafi da iyali, ko dattijon da ba ya son ya yi ta binciken tukunya, ko mai haɗa tafiyar da saro kaya, Likiya. Hajiya da yara su sauka a ƙaramin masauki a Faralya ko Çıralı, mai ƙarfi ya fita da safe ya dawo da la'asar. Matasa biyu ko uku masu lafiyar gwiwa, da mako biyu a hannu, waɗanda ba sa son tsayuwa a layin ofishin jakadanci a mayar musu da fasfo babu hatimi bayan kuɗi ya tafi, Santo Antão. A cikin ukun ita ce wadda teku ba ya barin idonka tun daga fari har ƙarshe, kuma in ka gama hanyar gaɓa akwai kwarin Paul da ramin tsohon dutse mai aman wuta na Cova, su ma kowanne tafiyar yini ce. Ta fuskar kuɗi, tikitinta na iya kai na Turkiyya ko ya fi saboda yawan sauka da tashi, amma kwana da ci a ƙauyukanta ba su kai na Ayalan ba. A duka ukun kada a dogara da katin naira, a riƙe tsabar kuɗi.

Mai tsoron tsayi ya san kansa. In kana jin jiri a saman bene mai hawa huɗu, Sliabh Liag daga Bunglass kawai za ka kalle ta, Santo Antão kuma 'yar katangar gefen hanya za ta taimake ka amma ba ko'ina take ba. Babbar riga da hula ba kayan wurin ba ne, iska tana shiga riga ta mai da ita lema. Mata su sa dogon wando mai kauri da riga zuwa gwiwa da ƙaramin hijabi mai kama kai, doguwar abaya tana harɗe ƙafa a matakala. Sallar matafiyi rahama ce a irin wannan hanya, a tambayi malami hukuncin ƙasaru da haɗa azahar da la'asar kafin a tashi, a kuma nemi fili mai faɗi nesa da leɓe kafin a kabbara.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kano shimfiɗaɗɗiya ce, ƙafafunmu sun saba da tafiya amma ba su san gangare ba. Wata biyu kafin tashi a riƙa hawa Dala ko Goron Dutse bayan sallar asuba, a hau a sauka a sake hawa, da jaka mai gorar ruwa biyu ko uku a baya, a ƙarshen mako kuma a leƙa duwatsun Rano ko na Dutse. Takalmin tattaki ana samunsa a gwanjo, Turawa sun sa kaɗan sun yar. A duba ƙasansa da kyau, a lanƙwasa shi a hannu, domin wanda ya daɗe a dila roba takan bushe ta ɓare a rana ta farko. A ɗauki wanda ya ɗara ƙafa kaɗan saboda yatsu a gangare, a sa shi da safa mai kauri a duk hawan Dala ɗin nan, in zai yi kanta ya yi ta tun a gida inda akwai mai gyaran takalmi a bakin layi.